Mutanen da Ba Su da Fuska

Wannan abu tun muna ƙarƙashin Sakkwato ya faru, lokacin da akwatin talabijin ya fara cika gidajen Birnin Kebbi, har ta kai maƙwabci bai leƙa maƙwabci in an yi la'asar.

Riskuwa tana shanyar shinkafa a Gulma saƙo ya iske ta: ɗanta Abdussamadu, wanda ya karanto zane ya kama haya a unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, kwana tara ba a ga fitarsa ba. Ko shinkafar ba ta kwashe ba, baiwar Allah, ta nemi mota.

Dupe, mai sayar da atamfa a ɗakin kusa da nasa, ita ta tarbe ta.

"Inna, wallahi sai shekaranjiya muka lura. Kowa yana gaban akwati. Kuma muna jin magana a ɗakinsa, mun ɗauka baƙi ya yi. Na buga, na kira, shiru."

Riskuwa ta kara kunne a ƙofar. Da magana kam: wani namiji yana ta bayani, wata mace tana dariya, wani yana waƙa. Amma duk cikinsu babu muryar ɗanta. Ta durƙusa ta shinshini ƙasan ƙofar, don ta san warin da take tsoron ji. Fenti ta ji, da kananzir.

"Kai! Kai wannan!" Ta buga da tafin hannu.

"Haba Inna, ki kira sunansa mana!"

"Ke ɗiyar nan, ni? Ɗan fari na!"

Kun san dai kunyar ɗan fari a wajenmu. Shekara talatin ba ta taɓa ambatar sunansa ba, ba ta taɓa tsayar da ido a kansa ba. Macen ciki ta sake ƙyalƙyalewa da dariya. Riskuwa ta dafa bango, ta rufe ido.

"Abdussamadu!"

Sai muryoyin suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Sakata ta yi ƙara.

Ga shi nan tsaye, ya rame kamar kara, hannuwa duk shuɗi. Rediyo biyu da talabijin a ƙasa. Bango kuwa, subhanallahi! Zane ne tun daga ƙasa har rufi: mutane zaune a jere, haske shuɗi ya dake su, ba ido ba baki, sumul kamar bayan ƙwarya. Riskuwa ta ja da baya tana a'uziyya.

"Su wa ke nan?"

"Mutanen gidan nan na, Inna. Haka nike ganinsu. Na ce bari in zauna in ga ko wani zai neme ni."

Can a lungu akwai wata mace ita kaɗai, ta juya baya, da irin ɗaurin kallabin Riskuwa.

"Waccan fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban san yadda idonki yake ba in yana dubana."

Dupe ta ce bari ta kawo kunu, ta fice da sauri. Riskuwa ta kife bokiti ta zauna a tsakiyar marasa fuskar nan. Ta ɗago kai da ƙyar.

"To duba. Amma ka bar ƙofar a buɗe."