Kwalbar da Gwadabe ya ɗauko daga Maraɗi

"Ƙara mishi ruwa, Amarya, ƙara mishi!"

Da wannan ihun na shiga gidan Gwadabe, maƙwabcina direban babbar mota, da alli a hannuna. Yana durƙushe gindin randa, leɓunansa sun yi fari fat, warin tsami ya cika tsakar gidan.

Daga Maraɗi yake ɗauko wa masu abinci ruwan tsami mai ƙarfi, wato binega, irin wanda ake sa cokali guda a kwalbar ruwa. Ran nan an ɗura masa a kwalbar lemo. Ya shigo da ƙishin azahar, ya manta, ya kafa kai.

Amarya, matarsa, ta riƙe hannuna. "Malam, kai ka san ilimin abin. Moɗa nawa za shi sha tsamin shi mutu a cikinai?"

Tsoro ya kama ni, don a makon nan na koya wa 'yan aji huɗu wannan darasi. Irin wannan tsami ba ya sakin zafinsa duka lokaci guda, yawancinsa a kwance yake. In ka ƙara ruwa, wani sashen ya farka ya maye gurbin wanda aka tsarma. Ka ninka ruwan sau goma, zafin bai ragu ba sai kamar sau uku. A allo abin ya ba ni sha'awa, har ina yi wa yara dariya.

"Ku daina ba shi," na ce. "Cikin mutum ba randa ba ne. In ya yi amai, zai sake ƙona maƙogwaron."

Wa zai saurare ni? Bawa, yayansa, ya ture ni da kafaɗa. "Wuta ta, Malam. Mi ka kashe wuta in ba ruwa ba?"

Na ja da baya, na bar su suna ɗura masa. Ja da bayan nan har yau yana cina.

Moɗa ta biyar ya amayar, da jini. Muka sa shi a motar Bawa sai asibitin Katsina, amma motocin siminti da na mai sun toshe hanya tun daga shingen kwastan. Kansa na kan cinyata, yana kallona kamar har yanzu ni ne mai amsar. Bai kai la'asar ba.

Bayan sadakar uku na leƙa gidan. Amarya tana wanke inda kwalbar ta faɗi, bokiti na bakwai ke nan, in ji ta. Ta sunkuya ta shinshina simintin, ta miƙe, ta sake nufar rijiya.