Duman da Ya Girma a Motar Alhaji Hamidu

Ni Salmanu, fafar duma ce sana'ata, a Yasore. Ba na yanke duma sai karansa ya bushe. Kowa ya sani.

Shekarar da kuɗin mai suka cika gari, akori-kurar wani ɗan kwangila, Alhaji Hamidu, ta mutu a bakin gonata. Bai gyara ba, ya sayi wata. Damina ta sauka. Yaɗon dumana ya hau motar, ya shiga ta taga, ya haifi ɗa a kujerar direba. Ɗan ya yi ta girma har ya cika gaban motar. Ban taɓa samun irinsa ba. Na ƙudura sai na fitar da shi ba tsaga.

Da kaka Alhaji ya zo da makaniki.

"Baba, a cire wannan abu."

"Bai bushe ba."

"Motata ce fa."

"Dumana ne. Motarka ta sha ruwan gonata damina guda, ban ce komai ba."

Muka je gaban mai gari. Mai gari ya zo ya ƙwanƙwasa duman, ya kasa kunne, ya ce gaskiya ɗanye ne, a jira.

Da ya bushe, na leƙa ta taga na fafe shi biyu a inda yake. Ko rabi bai wuce ƙofa ba. Ga shi sai an jiƙa kafin cikin ya ruɓe a kankare ɗacin. Muka tura motar zuwa tafki, muka nutsar da gabanta.

Alhaji ya dawo ya tarar da kwaɗi a kan sitiyari.

"Baba, don girman Allah, fasa shi. In sayo maka kwanon sha goma daga Katsina."

"Alhaji, kai ka taɓa ganin an dama furar suna a kwano?"

Washegari ya kawo mai walda daga Safana, aka yanke rufin motar. Muka ɗago masakai biyu lafiya lau.

Na ga mutumin tsaye, motarsa ba kai. Na ba shi ɗaya. Aka kifa ƙwaryar a sama a madadin rufin, aka ɗaure da igiya, ta zauna daidai.

Ya nemi in yi mata zane. Na ce ya ajiye motar a inuwa sai ƙwaryar ta gama shan iska. Ya ajiye.