Majanyin Gwaggo a Jirgin Jidda

A unguwar Sheshe, in ka ce Gwaggo ba sai ka ƙara komai ba. Sunanta na yanka ya ɓace tun zamanin da marigayi mijinta yake kai shanu kudu, har 'ya'yan da ta haifa ma Gwaggo suke ce mata. Abin da aka san ta da shi kuwa goyo ne. Ta goyi nata, ta goyi na ƙannenta, ta goyi na maƙwabta, har matan lungun suna tsokanarta cewa duk ranar da aka ga bayanta ba yaro, to a tambaya ko lafiya. Yaron da ya hana gida sakat da kuka, da an miƙa mata shi ta ja zani ta tamke da majanyi, kafin ta kewaya tsakar gida ya yi laƙwas.

Wadda ke bayan a yanzu ita ce Muhsina, ɗiyar Abdulmuttalib, autan Gwaggo. Yaye aka kawo ta, kamar yadda ake kai kowane yaro gidan kaka, da niyyar ta yi 'yan makonni ta manta da nono. Sai uwarta Mabruka, wadda 'yar Larabawan cikin gari ce kuma ma'aikaciyar jinya, ta samu aiki a wani asibiti a Jidda, inda mijin ya riga ya tare. Takardun manya suka fito, na yarinya suka maƙale. 'Yan makonni suka zama shekara. Gwaggo ba ta taɓa tambayar ina aka kwana a kan takardun ba, kuma ta san dalilinta.

Ranar da Abdulmuttalib ya sauka, ya shigo da wani ƙaton kwali a kafaɗa. Gwaggo ta ɗauka tsaraba ce, har ta fara lissafin wa za ta aika wa dabino. Da aka buɗe sai ga wata 'yar kujera baƙa mai katifa, da maɗaurai suna reto ta kafaɗa da ta ƙugu.

"Wannan kuma ta wane basarake ce?"

"Ta Muhsina ce, Gwaggo. Takardunta sun fito. A ciki za ta zauna a jirgi."

"Cinyarka fa? Ƙaya aka shuka a kai?"

Ya yi dariya, ya gyara zama ya yi mata bayani. Yarinya ta haura shekara biyu, dole a yanka mata tikiti da wurin zamanta. Bel ɗin jirgi kuwa na manya ne, ita ƙaramar aba tana iya sulalewa ta ƙarƙashinsa. Don haka ake ɗaure wannan kujerar a kan ta jirgi, a jikin taga, sannan a ɗaure yarinya a ciki.

"In don ɗauri ne," in ji Gwaggo, "ba ni zani da majanyi ka ga aiki."

"Ko da ke za a tafi ba za su bar ki da goyo ba. In jirgi ya shiga gargadar iska, ke da ita za ku tashi tare, ita ce za ta bugu."

Sannan ya rage murya ya ba ta labarin da ya sa aka sayi kujerar. A jirgin da Mabruka ta tafi, ana cikin cin abinci jirgi ya yi ƙasa farat ɗaya. Wata mata tana rungume da ɗanta a cinya, runguma ta uwa, amma yaron ya fice daga hannunta ya bugu da ma'ajiyar kaya ta sama. Mabruka ce ta riƙe masa goshi da auduga har aka sauka. Tun daga ranar ta rantse 'yarta ba za ta hau jirgi a cinyar kowa ba.

"Ta ce in Muhsina ta ƙi kujerar, in baro ta sai baɗi."

Gwaggo ta ce Allah Ya kyauta, ta tashi ta duba tukunya. Amma wannan maganar ta ƙarshe ta ɗauke ta ta ƙulle a gefen zani.

Aka gwada kujerar a tsakar gida. Muhsina ta leƙa ta, ta zuba mata gyaɗa a ciki, ta yarda aka ɗora ta. Da uban ya ja maɗauran ya danna ƙarfen ya ce ƙas, sai ta ƙwalla ƙarar da ta tashi tattabarun maƙwabta. Ta sandare, ta banƙare, tana miƙo hannu tana kiran Gwaggo. Gwaggo kuwa ba ta jira an ce mata ba, ta kwance ta ta cilla a baya tana cewa, "Yi shiru ƙawata, ba mai ɗaure min ke kamar akuyar layya."

Haka aka yi ta yi. Ya gwada da alewa, ya gwada da wasan yara a waya, ya gwada da alkakin da dangin Mabruka suka aiko. Kullum ƙarshenta bayan Gwaggo. A yi mata adalci, ba ta zuga yarinyar ba, ba ta kushe kujerar a gabanta ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta naɗe hannu, ita da ta san makamar kowane yaro a lungun. Hutun Abdulmuttalib yana ta ƙarewa, ita kuma daɗi yana ta cika mata ciki, irin daɗin da mutum ba ya so a gani a fuskarsa.

Wata rana bayan la'asar Mabruka ta kira ta bidiyo, da kayan aiki a jikinta. Ta gaida Gwaggo a ladabce, ta tambayi ƙafa, sannan ta ce a nuna mata mutuniyar. Abdulmuttalib ya kai wayar saitin kafaɗar Gwaggo.

"Muhsina, wace ce wannan?"

Yarinyar ta leƙo, ta ƙura ido, ta ce, "Anti." Ta mayar da fuska ta cusa a bayan Gwaggo.

Mabruka ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ko'ina ba. Ta ɗan kau da kai kamar wani ya kira ta, ta dawo ta ce, "Gwaggo, in ta ƙi kada a matsa mata. Gara in yi ta kewarta tana lafiya a wurinki. Na san ba ta rasa komai ba."

Da a ce Mabruka ta yi tsiwa, ko ta yi gori, da Gwaggo ta samu abin riƙewa. Sai ga shi ta miƙa mata 'yar da hannu biyu. Kunya ta kama Gwaggo, kunya sosai. An kawo mata yarinya ta raba ta da nono, ita kuma ta zarce tana neman raba ta da uwa.

Washegari da hantsi, da Abdulmuttalib ya fita, ta jawo kujerar gindin bango ta zauna tana kallonta, kallon da ta ƙi yi mata tun zuwanta. Ta ja maɗauran ta gwada da hannu. Ai majanyinta ya fi wannan matsewa nesa ba kusa ba, kuma Muhsina ba ta taɓa kuka da shi ba. Ashe ba ɗaurin take tsoro ba. Yaron da ke goye, duk inda aka je akwai baya a gabansa, yana jin ɗuminsa, yana kallon zanen atamfa. A kujerar nan kuwa an ɗaure ta, gabanta fayau, ba kowa.

Ta ɗora yarinyar ta danna ƙarfen. Kafin kukan ya gama haɗuwa ta juya ta zauna a ƙasa, ta manna bayanta da ƙafafun Muhsina, majanyi yafe a kafaɗa. Ta jawo faranti tana tsince shinkafa tana 'yar waƙar da take yi mata in tana goye. Kukan ya fito rabi ya tsaya. Ta ji 'yan yatsu sun kamo gefen majanyin. Can sai ta ji ƙafafun sun saki.

Daga nan kullum sai ta ɗan matsa gaba. Yau ƙafa tana taɓa ta, gobe sai an miƙa, jibi tana bakin murhu. Abin ya zama wasa a wurin Muhsina. Ita da kanta take hawa, ta zura hannuwa, ta jira ƙas, sannan ta ba da umarni kamar mai gari: "Gwaggo, juya!" Gwaggo ta juya. Daga baya ma sai ta rataye majanyin a jikin turmi a gaban kujerar ta shige ɗaki, tana leƙe ta labule. Yarinyar ta zauna tana hira da majanyi har barci ya ɗauke ta. Gwaggo ta ga aikinta ya yi kyau, ta koma bakin gado ta zauna, ranta ba daɗi.

Da Abdulmuttalib ya gani sai ya riƙe baki. "Gwaggo, me kika yi mata?"

"Me zan yi mata? A jirgin naku akwai wata kujera a gaban tata?"

"Akwai."

"To ka rataya wannan a jikinta. In sun ce a cire lokacin tashi, ka ba ta ta riƙe. Kuma in ta yi kuka kada tausayi ya sa ka kwance ta. Ni na san ka, zuciyarka ba ta da ƙashi."

Ranar tafiya mota ba ta iya shiga lungun, sai a bakin titi ta tsaya. Gwaggo ta goyi Muhsina daga tsakar gida, ta bi ta zaure, ta ratsa lungun a hankali, ta fi kullum jan ƙafa. Mata suna leƙowa suna cewa a sauka lafiya, a gaida Mabruka, a yi mana addu'a in an je Harami. Ita dai amin kawai take cewa. Tana jin numfashin yarinyar a tsakanin kafaɗunta.

An riga an ɗaure kujerar a mazaunin baya na motar. Gwaggo ta kwance majanyin, ta sauke Muhsina, ta ninke shi ta miƙa wa ɗanta ba tare da ta dube shi ba. Yarinyar ta haye kujerarta da murna, ta zura hannuwa, ƙarfe ya ce ƙas. Gwaggo ta matso jikin taga. So take ta ƙare wa fuskar nan kallo, ta haddace ta, don ba ta san a wane girma za a dawo mata da ita ba.

Muhsina ta ɗaga yatsa. "Gwaggo, juya!"

"Bari dai in gan ki, ƙawata."

"Juya!" Leɓen ƙasa ya fara rawa.

Gwaggo ta san abin da zai biyo bayan rawar leɓen nan, ta kuma san in ya fara, har filin jirgi ba zai tsaya ba. Ta juya. Ta tsaya tana fuskantar lungun da ta fito, da katangar ƙasa, da wata akuya tana cin ɓawon lemo. Ta ji an rufe ƙofa. Ta ji an tada mota. Ta kasa kunne ko za ta ji kuka, ba ta ji ba, sai wata 'yar murya tana rera waƙar tsintar shinkafa, tana nisa.

Ba ta waiwaya ba har ƙarar motar ta ɓace cikin ta 'yan adaidaita. Wata maƙwabciya da ta fito da bokiti ta gan ta tsaye, zani ɗaya, bayanta ba kowa, ta ce, "Gwaggo, lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Gwaggo. "Ba ta yi kuka ba."