Tumatir a Ƙarƙashin Leda

Shekara ashirin Inna tana yanka tumatir tana shanyawa a kan rufin ɗakinta, kwana huɗu ya bushe ƙayau, mai shagon da take sayar wa ya kwashe. Bana kuwa ruwan sama ya daina sanin lokacinsa. Sau biyu yana jiƙa mata shanya a tsakiyar rani, har mai shago ya ce in aka sake, zai nemi kaya wani wuri.

Sai ta kafa rumfar leda a kan shanyar tumatir kwando goman da suka rage mata. Don tsoron ruwa, ta toshe kowace kafa, ta danne gefuna da duwatsu.

"Yaya, kin ƙudundune shi kamar jariri," in ji ƙanwarta. "Ta ina zai sha iska?"

"Ke dai kama nan ki ja, sarkin surutu."

Kwana huɗu ko yayyafi ba a yi ba. Da Inna ta ɗaga ledar, tururi mai tsami ya bugi fuskarta. Ashe gumin tumatirin ne ke taruwa yana ɗigo masa. Duk ya yi funfuna.

Ta durƙusa tana tsintar masu kyau. Ko tafin hannunta ba su cika ba.