Sanda a Wuyan Molda

Ilarie na matse cuku a ƙofar bukkarsa ta kan dutse sai ya hango Sandu, wan matarsa, yana hawowa da bindiga a kafaɗa, yana haki kamar tsohuwar tarakta. Tun da ƙungiyar mafarauta ta ba Sandu gadin daji yake ji kamar shi ya haifi bareyin.

"Suruki, ina sandar karyarka?"

Duk karen makiyayi sai an rataya masa sanda a wuya, tana dukan gwiwoyinsa, don kada ya bi namun daji. Wanda aka gani ba sanda, harsashi ne rabonsa. Kyarkeci kuwa ba wanda ya rataya masa komai. Ranar da ya ɗauke tunkiya a gaban Molda, karyar Ilarie, tana binsa tana tuntuɓe, Ilarie ya cire sandar ya dafa tuwon masara da ita, ya rataya mata cokalin itace a madadinta.

"Ga ta can a wuyanta. Ko kitsen ya kai ido?"

"Cokali ne wannan."

"Itace ne dai."

"Jiya na tsinci ɗan barewa a kwari, an farke masa ciki."

"Sai ka je ka ɗaura wa kyarkecin sanda. Au, na manta, kai ko agwagwar ƙanwarka tsoro kake."

Sandu bai yi dariya ba. Ya zaro wata sanda daga jakarsa, ɗanya, mai kaurin hannu, ya jefa a gaban Ilarie. Sannan ya sauke bindigar ya ɗana. Molda, da yake ba ta da wayon mutane, ta matso tana kaɗa masa wutsiya. Tun tana ƙarama Sandu yake jefa mata ƙashi.

"Ba za ka iya ba," in ji Ilarie.

"Gwada ni. Da ka zo neman aure ma na ce kai ba ka jin magana."

Ilarie ya dubi bakin bindigar, yana kan Molda. Ya lalubo zagi mai kyau, sai ya tarar rabinsa zai faɗa kan uwar matarsa. Ya haɗiye. Ya durƙusa, ya kwance cokalin, ya ɗaura sandar. Molda ta lashi kunnensa.

"Ƙara tsawon igiyar. Sai ta taɓa gwiwa."

Ya ƙara.

Sandu ya rataya bindigarsa, ya leƙa kwaryar cuku. "Ba ɗan wanda zan kai gida?"

"Je ka tatsi barewa."

Can gefen daji kyarkeci ya ɓullo, tumaki suka watse gaba ɗaya, suna kuka. Molda ta zabura, sandar ta doke ta, ta kifa da haɓa. Ta tashi, ta sake zabura, ta sake faɗuwa. Ilarie ya suri gatarinsa ya wuce ta da gudu, da tumbinsa da komai, yana yin haushin da kansa.