Gawayin da Ba Ya Hayaƙi

"Wa ke shan taba a gidanku?" likitar ta tambaye ni, tana sauraron ƙirjin ɗana.

Na saki baki ina kallonta. Taba? A gidana? Mijina Jethro ko lemon kwalba sai an matsa masa. Na ce mata babu. Ta ce to lalle akwai abin da yaron nan ke shaƙa, don ƙirjinsa fito yake yi. Jaririn da ko wata biyu bai cika ba! Ta ce in ba mu raba shi da abin ba, zuwa na gaba kwantar da shi za a yi, da robar iska a hanci.

Tun daga asibiti har unguwarmu Kamazou, Elisha na tari a ƙirjina cikin keke, ni kuma ina tafasa. Ai na san mai laifin.

Jethro malamin makaranta ne, amma ransa na wajen wani injin leza da ya ajiye a ɗakin ajiya na bayan gida. Akwati ne kamar ƙaramin firiza, yana yanka katako da roba da wani siririn haske mai ƙuna. Da shi yake yin sunayen da ake kafawa a kan kek, da maƙalin makulli, da ƙananan gicciye na yaran coci, yawanci ma kyauta yake rabarwa. Matsalar abin ita ce wari. In yana yanka robar nan mai sheƙi, wani wari ke tashi mai zaƙi-zaƙi da yaji, ya shaƙe maka maƙogwaro.

Tun ina da ciki muka yi ta a kan wannan, kuma tsakani da Allah ya yi ƙoƙari. Ya haɗa wa injin matatar hayaƙi. Ya ja tiyo mai kauri daga bayansa zuwa wani bokitin fenti, fanka na zuƙo hayaƙin ya ratsa soso, sannan ya ratsa wani gawayi na musamman, ƙanana kamar ƙwayar dawa, wanda ke shanye dafin. In gawayin ya ƙoshi sai ya juye shi a leda, ya ƙulle, ya ajiye a bayan ɗaki don masu kwasar shara, ya zuba sabo. Warin ya ɗauke ɗif. Har na yaba masa, abin da ban cika yi ba.

To amma tun da na haihu warin ya dawo, kuma ba ko'ina ba sai ɗakin da nake kwana da jariri.

Ina shiga gida na sauke masa kwandon masifa. "Ka ji abin da likita ta ce? Injinka zai kashe mini ɗa! Kai da matatar taka ta banza!"

"Hadassah, ki tsaya mana. Na gwada ta, babu inda take yoyo."

"Hancina ne ke ƙarya ke nan?"

Mahaifiyata ta leƙo daga ɗaki. Daga ƙauyenmu na wajen Zonkwa ta zo yi mini jego. Ta ce, "Ke, sassauta murya, mijinki ne." Haka Mama take, ba ta son hayaniya, ba ta kuma son asara. Ledar burodi ma wanke ta take yi ta shanya. Lokacin tsakiyar damina ne, sama ta ƙi ɗagawa, kayan jariri ba sa bushewa a igiya. Sai ta riƙa hura ɗan kasko a lungun ɗakinmu, ta kifa kwando a kai, ta baza rigunan Elisha suna bushewa, ɗakin kuma ya yi ɗumi. Ba don ita ba da ban san yadda zan yi ba.

Jethro ya tashi. Ya je ya zare wayar injin, ya garƙame ɗakin ajiyar, ya miƙo mini makullin. Na ƙulle shi a haɓar zanina.

Kwanaki suka wuce, warin na nan daram. Tarin ma ƙaruwa ya yi. Elisha ya kama nono ya saki, ya kama ya saki, haƙarƙarinsa na shiga ciki in zai ja numfashi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ni kuwa in na ji tsoro faɗa nake yi. Na ce wa Jethro yana da wani makullin, yana satar jiki ya kunna in na yi barci. Ya rantse, na ce ya riƙe rantsuwarsa.

Wata rana da azahar, ana zuba ruwa, yaron ya yi wani tari har leɓensa ya sauya launi. Na miƙa wa Mama shi, na ɗauki taɓarya, na nufi bayan gida. Na ce yau ko ni ko injin nan.

Na buɗe ƙofa, na ɗaga taɓaryar, sai na tsaya cak. Yanar gizo ce a kan murfin injin. Wayarsa na nannaɗe yadda ya bar ta. Na taɓa shi, sanyi ƙalau. Na shaƙi iska, na sake shaƙa, babu komai sai warin danshi.  In ba daga nan ba ne, daga ina?

A haka Jethro ya dawo daga makaranta ya same ni, a jiƙe sharkaf. Ya kalli taɓaryar, ya kalle ni. Na zaci zai yi magana, sai na ga ya matso yana shinshina. Ya zare ƙyallen goge bakin Elisha da ke kafaɗata ya kai hanci.

"Ina aka shanya wannan?"

"A ɗaki mana, a kan kasko."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya zagaya bayan ɗakin da gudu, inda yake ajiye ledojin nan, babu ko ɗaya. Ya juya ya nufi cikin gida, na bi shi.

Mama na zaune a kan tabarma tana 'yar waƙar zumuntar mata. Ta kwantar da Elisha a gefenta, ta ɗage kwandon, tana barbaɗa wani abu daga gwangwanin madara a kan garwashi. Baƙi, ƙanana, kamar ƙwayar dawa.

"Mama! Kar ki zuba!"

Jethro ne fa. Mutumin da tun aurenmu bai taɓa haɗa ido da mahaifiyata ba, shi ne ya daka mata tsawa har gwangwanin ya suɓuce. Ya suri yaron ya miƙo mini, ya banka taga.

"Lafiya, Baban Elisha?" in ji Mama. "Gawayin da kake zubarwa ne. Na ga mai kyau ne, ko hayaƙi ba ya yi, ga daɗewa. Na ce wannan ai na jariri ne."

"Jinin Yesu," na ce. 

Jethro ya durƙusa a gaban Mama. Ya ce mata duk dafin da injin ya fitar tun ina da ciki, a cikin gawayin nan yake, shi ne aikinsa. In aka sa masa wuta sai ya amayar da abin da ya sha.

Mama ta kalle shi, ta kalli kaskon, ta kalli yaron da ke tari a hannuna. Kafin mu ankara ta rungumi kaskon nan da hannu biyu, ba tsumma ba komai, ta fita da shi. Na yi ihu, Jethro ya bi ta, ina! Sai da ta kai tsakar gida ta kifar da shi a cikin ruwa. Ta tsaya ruwa na dukanta, tafukanta a buɗe sun yi jawur.

"Ni da hannuna?" ta ce. "Hadassah, kullum matso masa da shi nake yi, don kar ya ji sanyi."

A keke ɗaya muka koma asibiti, jika da kaka. Shi tarinsa ya lafa kafin sati ya zagayo. Ita kuwa ta daɗe hannuwanta a naɗe, sai dai in ɗora mata shi a cinya. Sun warke yanzu. Amma har yau in na miƙa mata Elisha, ba ta karɓarsa sai ta fara sunkuyawa ta shinshina rigarsa.