Shuka da Baya-baya

Ranar da Malam Nagoda ya sauko fadama ya tarar da mijin 'yarsa yana tuge shinkafa da hannu biyu, sandarsa ce ta fara faɗuwa kafin ya iya magana.

Shinkafa ce kuwa koriya shar, ta yi wata guda cunkushe a ɗan filin da bai fi tabarma huɗu ba. Kailani yana cire ta har saiwa, yana ƙullawa kamar mai kai alayyafo kasuwa.

"Kailani, lafiyarka kuwa?"

Kailani ya durƙusa cikin taɓo. "Lafiya lau, Baba. Dasawa zan yi."

"Dasawa? Albasa ce?"

Duk Tudun Wada da Ɗan Boma aka san Kailani, alhali bai taɓa taka Boma ba. Mutumin Maraɗi ne, Faransawa suka ɗebe shi soja suka kai shi Biyetnam, ya shekara uku a inda kogin Mekong ke rabuwa baki tara kafin ya faɗa teku. Amma a wurin mutanen unguwa duk sojan da ya dawo daga gabas daga Boma yake, har ya gaji da gyara musu. Da aka sallame shi ya gangaro Zariya, ya auri Zinariya 'yar Nagoda, aka ara masa fadamar bakin kogin Kubanni.

Yakan ba da labarin ƙasar da ruwa ya fi tudu yawa, inda kasuwa ke ci a kan kwale-kwale, mai kabewa ya rataye guda a saman gora don a hango hajarsa daga nesa. Akan saurare shi da marmari, in ya tashi a ce, "Allah ya shirya soja."

Nagoda ya ɗauki sandarsa. "Fadamar nan ta ubana ce, ba a taɓa wasa da abinci a cikinta ba. In kaka ta yi ban ga dami ba, maƙwabcinka Gwadabe zan ba, ya daɗe yana roƙo."

"Na ji, Baba."

Ba shi da wata gona a duniya, kuma Zinariya na da ciki wata huɗu. Duk da haka ya tayar da jinga ta tare ruwa, ya tattake ƙasa har ta koma kamar kunu. Sannan ya yi abin da ya tara masa jama'a a bakin fadama: ya sunkuya yana cusa tsiro uku-uku, yana ja da baya.

Kowa ya san yadda ake shuka. Ka sara, ka jefa iri, ka rufe da diddige, ka yi gaba. Gwadabe, maƙwabcinsa na gona, ya riƙe ciki don dariya. "Ɗan Boma, haka kuka yi yaƙin ma, da baya-baya?"

Kailani ya ci gaba da dashensa. Wata tsohuwa yake tunawa, mai baƙin haƙora da hula kamar malfa, wadda aka kafa musu sansani kusa da gonarta a Biyetnam. Ta gan shi kullum yana kallon aikinta da bindiga a kafaɗa, ran nan ta miƙo masa ƙullin tsiro. Ya shiga ya yi gaba yadda ya saba, ya tattake duk abin da ya dasa, ita kuwa ta sharɓa masa gora a ƙwauri. Bai san sunanta ba, ba ya jin harshenta. A duk abin da ya gani a yaƙin nan, ita kaɗai yake tunawa zuciyarsa ta yi sanyi.

Kwana biyar da dashe shinkafar ta yi rawaya, ta kwanta. Tsoro ya kama Kailani sosai, har ya kasa cin tuwo.

"In ka tabbata, ka ci abinci," in ji Zinariya. "In ba ka tabbata ba, gaya mini in fara kukana tun yanzu."

"Ta tsohuwar ma ta kwanta kafin ta tashi."

"To, ci."

A mako na biyu shinkafar ta miƙe. Kowane gindi ya yi 'ya'ya, ciyawa ta rasa wurin fitowa cikin ruwan da jinga ta riƙe. Da marka ta kankama, Kubanni ta yi ambaliya ta kwana biyar a fadama. Shinkafar Gwadabe da ta sauran, wadda aka watsa ta tashi gajeriya tana kokawa da ciyawa, ta nutse ta ruɓe. Ta Kailani ta tsaya da kanta a saman ruwa, layi-layi.

Ranar yanka sai da aka yi gayya. Jakuna suka yi ta sawu zuwa Tudun Wada, mata na leƙowa ta zaure, Zinariya ta rangaɗa guɗa da tsohon cikinta ba ta ji kunyar kowa ba. Nagoda ya zo, ya ɗora zangarniya a tafin hannu, ya daɗe yana auna nauyinta.

"Dama fadamar ubana akwai albarka," ya ce, ya juya. Bai sake ambaton Gwadabe ba.

Da damina ta zagayo, Kailani ya sauko da hantsi riƙe da gora, ya hango mutum a gonar da ke gefen tasa, ya naɗe wando har gwiwa. Nagoda ne, da ƙullin tsiro a hannu, yana dasawa yana yin gaba, ƙafarsa na binne duk abin da hannunsa ya shuka. Gwadabe na biye da shi, yana kwaikwayo.

Kailani ya dubi gorar da ke hannunsa, ya ajiye ta a kan jinga. Ya shiga ruwan, ya rusuna.

"Baba, da baya ake yi."

Tsohon ya waiwaya ya ga ɓarnar da ya yi. Ya yi gyaran murya.

"Na sani. Taɓon nake gwadawa."

Sannan ya ɗaga ƙafa a hankali, ya ja da baya.